Awon oksijen na ƙwaƙwalwa da hasken bayan-ja: yadda yake aiki da abin da ya kawo ma nazarin harshe

0. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu yi ƙoƙarin bayyana wata dabara ta auna yawan oksijen da ke cikin jinin ƙwaƙwalwa ba tare da an tsaga fata, an soka allura ko an ɗebi jini ba. Haske kawai ake aikawa ya ratsa ƙoƙon kai, sannan a ƙirga abin da ya komo. Mai karatu na iya tambaya mine ne ya haɗa sashen nazarin harsuna da wannan magana ta likitoci. Dalilai biyu ne. Na farko, da wannan dabara ce aka samu wasu daga cikin shaidu mafi ƙarfi game da abin da ƙwaƙwalwar jinjiri ke yi da magana tun kafin a yi masa suna. Na biyu, ɗalibanmu za su ci karo da sakamakon irin wannan awo a cikin karatunsu, kuma wanda bai san yadda aka auna abu ba, ba ya iya sanin inda ya kamata ya yarda da inda ya kamata ya ja da baya.

1. Maganar kalmomi

Idon ɗan adam yana ganin hasken da tsawon zangonsa ya kama daga nanometir 400 zuwa 700 ko kusa da haka. Mun ari kalmar zango daga bakin masu sauraren rediyo, waɗanda suka saba da gajeren zango da matsakaicin zango. Abu guda ne, sai dai a nan ma'aunin ƙarami ne ƙwarai, tun da nanometir miliyan guda ke cika milimetir ɗaya. A gefen 700 ja yake. A shekarar 1800 William Herschel, a Ingila, ya raba hasken rana launi-launi da gilashi mai kusurwa uku, ya aza ma'aunin zafi a kan kowane launi, sai ya tarar zafi ya fi yawa a ɗan gaba da ja, inda ido ba ya ganin komi. Wannan haske ne Faransawa ke kira infrarouge.

Da za mu bi kalmar Faransanci gaɓa-gaɓa sai mu ce "ƙasan ja". Mun fi son bayan-ja, domin a jerin zango yana zuwa ne bayan an wuce ja, kuma Bahaushe ya saba da ginin suna irin wannan. Yankin da ya shafe mu shi ne na kusa, daga nanometir 700 zuwa 900.

Akwai kuma matsalar jijiya. Kalma guda ce a Hausa ke ɗauke da abin da Faransanci ya raba huɗu: artère, veine, nerf da tendon. A nan za mu ce jijiyar kai jini ga wadda ke fitowa daga zuciya, jijiyar maido da jini ga wadda ke komawa, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuma ga masu aika saƙo.

2. Abin da ya sa hasken ke iya ratsa kai

Kowane yaro ya taɓa aza tocila a tafin hannunsa da dare ya ga yatsunsa sun yi ja wur. Farin hasken tocila ya ƙunshi launuka duka, amma jini da fata sun shanye shuɗi da kore a cikin milimetir na farko, ja kaɗai ya samu hanyar fita. Idan aka ƙara matsawa zuwa bayan-ja, shanyewar na ƙara raguwa, har zuwa wajen nanometir 950, inda ruwan jiki ke soma shanye hasken da ƙarfi. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu, watau inda jini ya sassauta kuma ruwa bai kama ba tukuna, akwai wata ƴar kafa da haske ke iya yin tafiyar santimetir da dama cikin nama da ƙashi.

Wanda ya fara nuna amfanin wannan kafa ga ƙwaƙwalwa shi ne Frans Jöbsis na jami'ar Duke a Amurka, cikin mujallar Science a shekarar 1977. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a wurin cin abinci ne ya ɗaga wani faffaɗan ƙashin sa ya duba shi a gaban fitila, ya ga inuwar yatsansa ta bayan ƙashin. Sai ya ce idan ja na ratsa ƙashi, to bayan-ja zai fi shi. Ya gwada da kyanwoyi, ya kuma gwada da kan mutum.

2.1. Launin jini

Mahauci ya san jini ba launi guda ba ne: wanda ke tsartuwa lokacin yanka ja ne mai haske, wanda ya kwanta cikin hanta kuwa ya fi duhu. Abin da ke kawo bambancin shi ne emoglobin, wani sinadari mai ɗauke da ƙarfe da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Kowace emoglobin tana iya ɗaukar oksijen huɗu daga huhu, kuma launinta na canzawa idan ta sauke kayanta. Tun 1864 George Stokes ya bayyana wannan canji.

A cikin bayan-ja ma bambancin yana nan, kuma da tsari mai kyau. A ƙasa da nanometir 800, emoglobin maras oksijen ce ta fi shanye haske, musamman a wajen 760. A sama da 800, mai oksijen ce ta fi. A daidai 800 ɗin kuwa, ko kusa da shi, shanyewarsu ɗaya ce. Saboda haka idan aka aika haske iri biyu, ɗaya daga kowane gefe, misali 760 da 850, aka auna yawan da kowane ya rasa, an samu lissafi biyu masu abubuwa biyu da ba a sani ba, irin wanda ake koya a kolej. Daga nan ake fitar da yawan emoglobin mai oksijen da na maras shi.

2.2. Watsuwa

Da a ce kan mutum kamar kwalbar ruwa yake, da aikin ya ƙare a nan, domin akwai tsohuwar ƙa'ida, ta Beer da Lambert, mai cewa hasken da ya ɓata ya danganta da yawan sinadarin da kuma tsawon hanyar da hasken ya bi. Amma nama ba ya barin haske ya tafi miƙe. Kamar fitilar mota ce cikin hazon hunturu: hasken na bugun ƙura yana karkata ko'ina, har ba a gane daga inda ya fito. A cikin kai, watsuwa ta fi shanyewa yawa nesa ba kusa ba, kuma kowane ɗigon haske sai ya canza hanya sau ɗaruruwa kafin ya fita, in ya fita.

Wannan watsuwa illa ce, kuma ita ce ta sa dabarar ta yiwu. Tun da hasken na komowa baya, ba dole ne a sa fitila a wannan gefen kai, mai karɓa a wancan ba. Ana iya manna su duka a goshi, da tazarar santimetir 3 tsakaninsu. Hasken da ya isa ga mai karɓa ya bi wata lanƙwasasshiyar hanya mai siffar ayaba, wadda cikinta ya nutsa zuwa zurfin kamar rabin tazarar, watau santimetir ɗaya da rabi. Wannan ya isa ya taɓa fatar ƙwaƙwalwa ta sama, bai isa ya kai tsakiyarta ba.

Illar kuwa ita ce ba a san tsawon hanyar ba. David Delpy da abokan aikinsa a Landan, a 1988, suka auna lokacin da gajeren walƙiyar lazer ke ɗauka kafin ya fito, suka nuna cewa hanyar gaskiya ta ninka tazarar da ke tsakanin fitila da mai karɓa sau da dama. Awon da ya biyo baya ya ba da kamar sau 6 a kan baligi, kamar sau 5 a kan jinjiri. Ke nan hasken da aka ga kamar ya yi santimetir 3, a gaskiya ya yi kusan 18. Mu lura da kyau: wannan ninki matsakaici ne da aka samo daga kawunan wasu mutane, ana kuma ɗora shi kan wanda ake aunawa. Shi ya sa na'urori masu sauƙi suka fi iya faɗin cewa oksijen ya ƙaru ko ya ragu, bisa ga faɗin ainihin yawansa.

3. A gadon asibiti

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na oksijen da mutum ke shaƙa yana hutawa. Jinin da ke ratsa ta ya kai mililitir 750 a minti guda, kuma ba ta da rumbun ajiya: idan jini ya tsaya, mutum na suma cikin daƙiƙa 10, ƙwayoyi kuma na soma mutuwa bayan minti 4 ko 5. Likitan da ke kula da wanda ake yi ma aikin zuciya, ko da bakwainin da ke cikin kwalba, yana bukatar ya san halin da ƙwaƙwalwa ke ciki nan take.

Kada a rikita wannan na'ura da ɗan matsin nan da ake maƙala ma majinyaci a yatsa. Shi ma da haske biyu yake aiki, 660 da 940, kuma injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano dabararsa a farkon shekarun 1970. Amma shi bugun zuciya yake bi, saboda haka jinin jijiyar kai jini kaɗai yake aunawa, wanda ke nuna 95 zuwa 100 ga mai lafiya. Na'urar goshi kuwa tana haɗa dukan jinin da ke cikin ƙananan jijiyoyi, wanda kashi 70 zuwa 75 nasa jinin komawa ne. Lambar da take bayarwa, galibi 60 zuwa 75, tana nuna abin da ya rage bayan ƙwaƙwalwa ta ci nata. Yatsa na iya nuna 98 alhali goshi na faɗuwa, misali idan an matse jijiyar wuya lokacin tiyata.

An soma gwada dabarar kan bakwaini a tsakiyar shekarun 1980, a Duke da Landan. Kamfanin Hamamatsu na Japan ya fito da na'urar sayarwa ta farko a 1989, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da na'urar INVOS a 1993.

Sai dai auna abu daban, ceton rai daban, kuma a nan ya kamata mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. Wani gwaji da aka buga a 2015, mai suna SafeBoosC, kan bakwaini 166, ya nuna cewa idan likitoci na kallon lambar suna gyara iska da ruwa, lokacin da ƙwaƙwalwa ke yi cikin ƙarancin oksijen na raguwa fiye da rabi. Kowa ya sa rai. Aka faɗaɗa gwajin zuwa asibitoci 70 a ƙasashe 17, da jarirai 1601 waɗanda aka haifa kafin mako 28. Sakamakon da ya fito a 2023 shi ne: mutuwa ko mummunan rauni a ƙwaƙwalwa ya samu kashi 35,2 cikin 100 na waɗanda aka sa ma na'urar, da kashi 34,0 na waɗanda ba a sa ma ba. Babu bambanci. A ganinmu, asibitin da kuɗinsa ke da iyaka zai fi amfana da tabbataccen oksijen da ɗan matsin yatsa kafin ya yi tunanin wannan.

4. Daga jini zuwa magana

Tun 1890 Roy da Sherrington suka yi hasashen cewa sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki yana jawo ƙarin jini. Haka abin yake, har ma jinin da ke zuwa ya fi wanda ake bukata yawa. Daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan ƙwayoyi sun soma aiki, emoglobin mai oksijen na ƙaruwa a wurin, maras shi na ɗan raguwa, abin ya kai ƙololuwa wajen daƙiƙa 5 ko 6, sannan ya sauka sannu a hankali. A 1993 ƙungiyoyi huɗu, biyu a Japan, ɗaya a Jamus, ɗaya a Amurka, kowace da kanta, suka nuna ana iya ganin wannan da bayan-ja. A 1995 masu binciken Hitachi suka jera fitilu da masu karɓa da yawa cikin hula guda, aka soma zana taswira.

Na'urar IRM ta fi wannan gani dalla-dalla, tana kuma kai wa zurfi. Amma tana da ƙara mai tsanani, tana son mutum ya kwanta cikin rami ba motsi, nauyinta kuma na tan-tan ne. Ga wanda ke son ya ji yadda jinjiri ke karɓar sauti, ƙarar kaɗai ta isa ta ɓata aiki. Hular bayan-ja shiru take, jinjiri na iya zama kan cinyar uwarsa, kuma ƙoƙon kansa siriri ne, gashinsa kaɗan.

A 2003 Marcela Peña, Jacques Mehler da abokansu a Triyeste ta Italiya suka sa ma jarirai ƴan kwana biyu zuwa biyar hular suna barci. Aka kunna musu maganar mace da Italiyanci, sannan aka kunna wannan magana da baya-baya. Ƙarfin sauti da muryar duk ɗaya ne, amma ta biyun ba harshen kowa ba ce. Gefen hagu na ƙwaƙwalwa, wajen saman kunne, ya fi amsa maganar gaskiya. Watau rinjayen hagu a sha'anin harshe, wanda Broca ya lura da shi ga manya a shekarun 1860, yana da tushe tun daga haihuwa.

Gwajin da ya fi jan hankalinmu shi ne na Judit Gervain da abokanta a 2008. Sun ƙirƙiro kalmomi masu gaɓa uku. Wasu na maimaita gaɓar ƙarshe, kamar mubaba da penana. Wasu ba maimaici, kamar mubage da penaku. Ƙwaƙwalwar jarirai ta fi amsa masu maimaici tun daga farko, amsar kuma ta riƙa ƙaruwa yayin da ake ci gaba. Da aka raba gaɓoɓin biyu da wata a tsakani, kamar bamuba, sai fifikon ya ɓace. Wanda ya san Hausa ba zai karanta wannan bai tsaya ba. Siffar mubaba ita ce ta ƙanana da talala, kuma ninki ya ratsa nahawunmu ko'ina: buga da bubbuga, tambaya da tantambaya, ban da baba, kaka da dada na bakin yara. Ba mu ce gwajin ya bayyana asalin ninki a Hausa ba. Jariran Italiya ne, kalmomin kuma na ƙirƙira. Abin da ya nuna kawai shi ne kunne na zuwa duniya da shirin kama gaɓa biyu masu kama da juna idan suna maƙwabtaka, kuma harsunan da suka ɗora nahawu kan wannan ba su ɗora shi kan iska ba.

Daga Japan kuma aka samu abin da ya fi kusa da mu. Japananci, kamar Hausa, yana bambanta kalmomi da tsawon wasali. Yasuyo Minagawa-Kawai da abokanta, a 2007, suka auna jarirai daga wata 3 zuwa 28 suna sauraren wasali gajere da dogo. Amsa ta musamman ga iyakar da ke tsakanin biyun ta bayyana a wata 6 zuwa 7, ta ɓace a wata 10 zuwa 11, sannan ta komo bayan shekara guda, a wannan karo ta zauna a hagu. Fassarar da suka bayar ita ce da farko jinjiri na jin bambancin a matsayin sauti kawai, daga baya ya mai da shi kayan harshe. A 2010 Sato, Sogabe da Mazuka suka samu makamancin haka game da hawa da saukar murya cikin kalma: rinjayen hagu ya bayyana ga ƴan wata 10, bai bayyana ga ƴan wata 4 ba. Tambayar da ke gabanmu a fili take. Ɗan Bahaushe dole ya raba gàrii na zama da gàarii na tuwo ta tsawon wasali, ya kuma raba kuukaa na hawaye da kuukàa ta miya ta karin sauti. Wanne ne yake fara kamawa, kuma a wane wata?

5. Inda za a yi hattara

Kafin hasken ya kai ƙwaƙwalwa sai ya ratsa fatar kai sau biyu, shiga da fita, kuma fatar na da nata jini, wanda ke ƙaruwa da zafi, kunya ko tashin hankali. Wani kaso na abin da ake kira aikin ƙwaƙwalwa na iya zama na fata ne. Maganin da aka samo shi ne a ƙara mai karɓa na biyu kusa da fitila, ƙasa da santimetir guda, wanda fata kaɗai yake gani, sai a ɗebe nasa daga na nesa. Duk rahoton da bai faɗi yadda ya yi da wannan matsala ba, sai a karanta shi da taka-tsantsan. Haka nan jinkirin daƙiƙa 5 na nufin ba a iya bin kalma ɗaya-ɗaya cikin jimla, tun da mai magana na furta gaɓa huɗu ko biyar a daƙiƙa guda.

Matsala ta biyu ta shafe mu kai tsaye. Sinadarin da ke sa fata da gashi baƙi, watau melanin, shi ma yana shanye wannan haske, musamman a gajeren gefen. Galibin na'urorin an daidaita su ne kan fararen fata. A 2020 Michael Sjoding da abokansa a Mishigan suka duba majinyatan da matsin yatsa ya ba su 92 zuwa 96, suka gwama da jinin da aka ɗiba. Waɗanda oksijen ɗinsu na gaskiya bai kai 88 ba sun kai kashi 11,7 cikin 100 a baƙaƙe, kashi 3,6 a farare. Na'urar na kwantar da hankalin likita alhali majinyaci na cikin hatsari, kuma ta fi yin haka sau uku ga baƙar fata. Wannan binciken kan yatsa ne, amma tushen matsalar guda ne da na goshi. Gashi mai kauri da kitso kuma na hana fitila taɓa fata, har akan cire mutane daga bincike saboda gashinsu kawai. A nan askin suna ya yi ma mai bincike rabin aiki.

Duk da haka an nuna dabarar na aiki a ƙauyen Afirka. A Keneba ta Gambiya, Sarah Lloyd-Fox, Clare Elwell da abokansu sun kai na'urar daga Landan, suka auna jarirai ƴan wata 4 zuwa 8 suna kallon fuskokin mutane, suna jin dariya, tari da kuka a gefe guda, ƙarar ruwa da ƙararrawa a ɗaya gefen. Rahotonsu na 2014 ya nuna amsa a wurin da aka same ta ga jariran Ingila. Daga nan aka gina wani dogon bincike mai bin yara kimanin 200 don ganin abin da ƙarancin abinci ke yi ma ƙwaƙwalwa. A Kodibuwar kuma Kaja Jasińska da Sosthène Guei sun bayyana a 2018 yadda suka auna ƴan makaranta a ƙauyukan masu noman koko, game da koyon karatu da Faransanci ga yaran da ke jin wani harshe a gida, cikin zafi da laima da rashin tabbataccen kuran.

Idan wata rana aka so yin gwajin gàrii da gàarii a Maradi ko Damagaram, ɓangaren da zai faɗo kan masu nazarin harshe ba ƙarami ba ne. Sai an zaɓi kalmomin da suka bambanta ta fuska guda tak, an ɗauki muryar mace mai karin harshen da jinjirin ke ji a gida, an auna tsawon kowane wasali da milisegon, an kuma tabbatar cewa dogon wasalin bai zo da ƙarin ƙarfi ko canjin murya ba. In ba haka ba, na'urar za ta ba da lamba, amma ba za a san ko tsawo ne jinjirin ya ji ko wani abu dabam ba.